Kwanon rufi mai fenti: wanne ɗan kasuwa zai saro don wuraren da yanayi ke cin ƙarfe?

Tambaya: Ina sayar da kayan gini, kuma ina so in zuba jarina a kwanon rufi da na bango mai fenti. Masu kawo kaya biyu sun ba ni tayi. Launi ɗaya, kaurin da aka rubuta ɗaya, amma farashi ya yi nisa da juna. Masu sayena wasu suna inda rana ke da tsanani, wasu kusa da teku, wasu kuma gidajen kaji suke ginawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, kada ka biya kowa tukuna. Abubuwa biyun da ka kwatanta, launi da kaurin da aka rubuta, su ne mafi sauƙin yin wasa da su a wannan harka. Kuɗin kwano yana cikin abin da ido ba ya gani, kuma dole kowane mai kawo kaya ya rubuta maka shi a takarda kafin ka san ko tayin biyu ma kaya iri ɗaya ne.

Fara da kauri. Akwai kaurin ƙarfen zalla, wanda ake rubutawa BMT, akwai kuma kaurin ƙarfe haɗe da rufinsa da fenti, wato TCT. Kwanon da ƙarfensa milimita 0.42 ne yana iya kai kusan 0.48 bayan an rufe shi an shafa fenti. Mai kaya ɗaya zai faɗa maka na farko, ɗayan ya faɗi na biyu, kai kuma ka ɗauka daidai suke. Idan aka ba ka 0.40 da sunan 0.45, an zare maka kusan kashi 11 cikin 100 na ƙarfen da ka biya. Sikeli ba ya ɓoye wannan: ƙarfe mai kaurin 0.40, kafin a lanƙwasa shi, yana da nauyin kusan kilo 3.14 a murabba'in mita. Ka sayi ma'aunin kauri ka ajiye a aljihu, ka kuma auna nauyin samfuri.

Inda nake so ka daɗe kana tambaya shi ne rufin da ke tsakanin ƙarfe da fenti, domin shi ne yake tare tsatsa. Na gargajiya tutiya ce zalla, kuma lambarta tana nuna yawanta: Z275 na nufin giram 275 a murabba'in mita, fuska biyu a haɗe. Akwai Z100, akwai ma ƙasa da haka, kuma bayan an shafa fenti ba mai iya bambance su da kallo. A 1972 kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da Galvalume, haɗin alminiyam kashi 55, tutiya kashi 43.4 da silikon kashi 1.6, wanda za ka ga ana rubuta masa AZ150 ko AZ100. A rufin da ke sarari, wanda ruwan sama ke wankewa, ya fi tutiya zalla daɗewa nesa ba kusa ba.

Amma ga inda 'yan kasuwa da yawa ke cutar masu sayensu ba da niyya ba. Haɗin alminiyam da tutiya ba ya jituwa da amoniyar da ke tashi daga kashin kaji da fitsarin dabbobi, ba ya kuma son ɗanyen siminti, ko taɓa jan ƙarfe da darma. Saboda haka wanda ya zo sayen kwanon gidan kaji, "mafi tsada" ba shi ne amsarsa ba. A nan tutiya mai kauri, ko sababbin rufin da aka ƙara wa magniziyam, irin Magnelis da ZAM, sun fi dacewa, tare da samar da iska mai kyau a ginin. Na bakin teku kuma gishiri ne abokin gabarsa, musamman a bakin yanka da ƙarƙashin lanƙwasa. Ga wanda igiyar ruwa ke kusa da shi sosai, sau da yawa kwanon alminiyam ne mafita. Ma'aunin ISO 9223 ya kasa muhalli daga C1 zuwa C5 da CX gwargwadon yadda yake cin ƙarfe; ka tambayi masana'anta wane aji kayanta suka dace da shi.

Sai fenti. Foliyesta shi ne mai araha, kuma a rana mai zafi shi ne yake fara koɗewa, ya riƙa barin farin gari a hannu idan an shafa. SMP, wato foliyesta da aka ƙara wa sinadarin silikon, ya fi shi juriya. Fentin PVDF, mai kashi 70 na wani sinadarin roba da aka sani da sunan Kynar 500 tun 1965, shi ne ya fi riƙe launi a hasken rana mai ƙarfi. Dukkansu siraran shafi ne, kusan maikiron 25 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), don haka ba su ne za su ceci ƙarfen da aka yi wa rowar tutiya ba. Launi mai haske yana mayar da zafi fiye da mai duhu, kuma ja da shuɗi masu tsananin launi a foliyesta sun fi saurin nuna tsufa.

To, a ina za ka sa kuɗin? Ni da nake ba ka shawara ba zan ce ka zuba duka a PVDF ba. Kaya mai tsada yana jinkirin fita, jarin da ya kwanta a sito kuma ba ya haihuwa. Ka sa mafi yawan kuɗinka a tsaka-tsaki na gaskiya, wato AZ150 ko Z275 da fentin SMP ko foliyesta mai inganci, a launuka biyu ko uku da suka fi tafiya. Na bakin teku da PVDF ka riƙa kawo su bisa oda, mai saye ya ajiye kafin alƙalami. Shi kuwa mai arahar nan, idan mai shi ya kasa ba ka takardar gwajin masana'anta mai ɗauke da lambar naɗin ƙarfe, BMT da nauyin rufin da ke tare tsatsa, ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado. Rufin da ya yi tsatsa bayan damina uku, duk wanda ya wuce zai tambayi inda aka saya, kuma sunanka za a ambata, ba na masana'anta ba.

Ka karanta garanti da kanka, layi bayan layi. Garantin hudewa saboda tsatsa daban, na koɗewar launi daban. Da yawa suna cire gine-ginen da ke kusa da teku da gidajen dabbobi, wasu kuma suna sharɗanta a riƙa wanke sassan da ruwan sama ba ya kaiwa, kamar bangon da ke ƙarƙashin baranda. Kada ka yi wa mai saye alkawarin da takarda ba ta yi maka ba.

Akwai kuma asarar da za ta iya samunka tun kaya suna hannunka. Bandir ɗin da ruwa ya shiga tsakanin zanensa yana fitar da farar tsatsa ko baƙin tabo cikin 'yan kwanaki, saboda iska ba ta shiga. Ka ɗora shi a kan katako, a karkace kaɗan, a ƙarƙashin rumfa. Ledar kariya kuma idan rana ta gasa ta, ba ta ɓaruwa lafiya.

Kada ka raina ƙusoshi, domin nan ma akwai riba kuma akwai kare suna. Kwano mai kyau da sukuru mai arha, ɗigo zai fara daga ramin. Ka sayar da sukuru mai rufi daidai da na kwanon, mai wosha ta robar EPDM. Ƙarfe mai tsawon mita 10 yana miƙewa kusan milimita 6 idan zafi ya canza da digiri 50, alminiyam kuma kusan ninki biyu, shi ya sa a dogayen zanuwa ake son rufin da maƙalansa ke ɓoye suna ba shi damar motsi. Inda iska ke da ƙarfi, a ƙara yawan sukuru a gefuna da kusurwa, nan take fara ɗagawa. Ka kuma gaya wa kowane kafinta ya yi yanka da almakashin ƙarfe, ba da injin da ke fitar da tartsatsi ba, sannan ya share ɓurɓushin ƙarfe daga saman rufin kafin ya sauko, don da raɓar safiya ɗaya suke fara barin jan tabo a fenti.