Amsa kan manhajar wasan ces (chess) da ƙarshen wasa

Malam, ka tambayi dalilin da manhajar ces ɗinka take lalube idan 'ya'ya sun ragu a allo. Ina zargin dabarar tsallake motsi, wato inda manhaja take gwada barin juyinta ya wuce ba tare da ta motsa ba don ta rage bincike, domin tana ɗaukan cewa yin motsi kullum riba ne, alhali idan sarakuna da sojoji kaɗai suka rage, sau da yawa wanda juyi ya zo kansa shi ke cutuwa. Don Allah ka kashe ta a irin wannan yanayi.

Sannan ka gwada mata jerin Lasker da Reichhelm na 1901, wato wani sanannen jerin sarakuna da sojoji a allo da waɗannan masana ces biyu suka tsara. Idan ta kasa gano Kb1, wato matsar da farin sarki zuwa gidan b1, motsin da ke kai ga nasara, matsalar tana teburin da take adana jerin da ta riga ta bincika. Ni tawa kwana biyu ta yi tana aiki a ɗakina a Gwammaja ba ta gano ba, sai da na gyara teburin.