Amsa: Shafi ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai

Malam, ka ce shafinka na WordPress, wanda sabarsa ke ofis ɗinku a Garwa, ya daina haɗuwa da rumbun bayanai tun da aka ɗauke wuta. To, kar ka taɓa wp-config.php, wato fayil ɗin saitin WordPress, tukuna, ɗaukewar wuta ba ta canza kalmar sirri.

Fara da rubuta umarnin systemctl status mysql a kan sabar, don ganin ko MySQL, manhajar da ke gudanar da rumbun bayanan, yana aiki. Idan a kashe yake, tayar da shi, ka karanta /var/log/mysql/error.log, inda yake rubuta kurakuransa. Sau da yawa faifai ne ya cika, umarnin df -h zai nuna maka, ko kuma RAM ta yi kaɗan Linux ya kashe MySQL. In RAM ɗin 1GB ce, ƙara swap, wato wani yanki na faifai da ake amfani da shi idan RAM ta cika.

Idan MySQL yana aiki, to yanzu buɗe wp-config.php ka sauya DB_HOST, wato adireshin rumbun bayanan, daga localhost zuwa 127.0.0.1, saboda na farko ta soket (wani fayil na haɗi a cikin sabar) yake bi, na biyu ta tashar sadarwa mai lamba 3306. Kuma don Allah a sa wa sabar nan UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke.