Amsa: dutse mai ƙyalli da aka tsinta a rafi, zinari ne?

Malam, ka ce ka tsinci farin dutse mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa yana ƙyalli a bakin rafi, kana son sanin ko zinari ne. Da wuya. Yawanci abin da ke ruɗin mutane shi ne pyrite, ma'adinin ƙarfe da farar wuta, ko kuma mica, wannan mai ɓarewa fyal-fyal kamar ɓawon albasa. Ɗora ɗigon a kan ƙarfe ka ƙwanƙwasa da guduma. Zinari laushi gare shi, lotsawa zai yi ya baje. Pyrite kuwa farfashewa yake ya zama gari. Ka kuma goga shi a bayan tayil, inda ba sheƙi: zinari zai bar layi rawaya, pyrite baƙi-baƙi mai ɗan kore. Ga nauyi: zinari ya ninka ruwa kusan sau 19, pyrite kamar sau 5.

Sai dai kar ka yar da shi tukuna, domin farin dutsen nan, quartz, a jijiyarsa, wato layin da yake ratsawa a cikin wasu duwatsu, ake yawan samun zinari, kuma sau da yawa ido ba ya ganinsa sai an niƙa an wanke. Amma don Allah ban da niƙa a cikin gida. A 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, dutsen zinarin yana tattare da dalma, ƙurarsa ta hallaka yara kimanin 400. Ka kai guntu sashen ilimin duwatsu da ma'adinai na jami'a mafi kusa su duba maka.