Tambayoyinku kan fasaha: Ezio ya gyara ɓarnar Altair, amma ba ya cikin wayarka

Rabin saƙonnin wannan makon kan wasa ɗaya suka zo, Assassin's Creed II. Wasa ne na 2009, amma da yake tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa, samarin Sakkwato sun sake tono shi.

"Malam, na fara na farkon har na gaji na aje. Wanga na biyu ya cancanci in ƙona data a kai?" Ɗalibi, Runjin Sambo

Ƙanena, ba laifinka ba ne. Na farkon, na 2007, ya kai ka Ƙudus da Akka da Dimashƙa a shekarar 1191, garuruwa masu kyau, amma aikin tuwo ɗaya ne miya ɗaya. Mutum tara Altair, jarumin wasan, zai kashe, kuma kafin kowanne sai ka zauna a benci ka saci hira, ka yanki aljihu, ka bi wani lungu ka jibge shi ya yi magana. Ga jarumi mai hawa hasumiya da hannu, amma ya faɗa ruwa ya mutu.

Na biyun ya koma Italiya, daga 1476 zuwa 1499. Ezio Auditore ɗan masu kuɗi ne a Florence, yawonsa kawai ya sani, har ranar da aka rataye mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu a gabansa. Daga nan kana da dalilin bin kowane mutum da za ka kashe, abin da na farkon bai ba ka ba. An kuma saƙa labarin da tarihi na gaske: makircin gidan Pazzi na 1478 a kan Lorenzo de' Medici, da Rodrigo Borgia wanda ya zama Paparoma Alexander na Shida. Leonardo da Vinci ne maƙerinka, shi ke karanta maka tsofaffin takardu ya ƙera makami.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne saje da jama'a. Kowane gungun mutane ka shiga tsakiyarsu, dogarai ba sa ganinka. Da florin 150, kuɗin cikin wasan, kana ɗaukar hayar ɓarayi ko sojojin haya su janye masu gadin ƙofa, ko ka watsa kuɗi a ƙasa hanya ta cushe. In ka yi ɓarna da yawa aka fara nemanka, yage takardar cigiyarka daga bango yana rage neman da kashi 25 cikin 100, cin hancin sanƙira yana rage 50, kashe jami'in da ke yaɗa sunanka 75. Ezio yana iyo, don haka a Venice kana iya biyowa ta ruwa ka jawo mai gadi daga bakin gaɓa.

To ga aibinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Wasan sanɗa ne da babu maɓallin duƙawa. Ko dai kana cikin jama'a, ko cikin tarin ciyawa, ko kana tsaye ƙiƙam a kan rufi. Kuma in an gan ka ba abin tsoro, domin faɗan ya yi sauƙi har ya ɓata sanɗar. Dogarai goma za su kewaye ka su riƙa kawo sara ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin famfo. Ka riƙe kariya, ka danna hari daidai lokacin da takobi ya taho, wuƙar hannun riga ta gama da shi. Wanda ya iya wannan ba ya da dalilin ɓuya, sai a ayyukan da aka ce in an gan ka ka faɗi.

Kuɗi ma haka. Ka zuba su da wuri a gyaran shagunan Monteriggioni, garin da gidan dangin Ezio yake, akwatin gidan yana tara maka haraji kowane minti 20. Kafin tsakiyar labari ka rasa abin saye. Sai tsalle: Ezio yakan ga dama ya bar katakon da ke gabansa ya dira ƙasa, musamman a ɓoyayyun kaburbura shida na wasan, waɗanda a wasunsu ake tseren lokaci, inda kyamara ke juyawa kana tsakiyar gudu.

Duk da haka, ka sauke. Shawara ɗaya: takardun Codex, waɗanda Leonardo ke karanta maka, 30 ne, kuma ba za a buɗe maka babin ƙarshe ba sai sun cika. Ka riƙa kwasarsu a kowane gari tun yanzu.

"Na sauke Assassin's Creed II na Android, mega 200, amma da na buɗe sai ya ce in ba shi izinin saƙonni. In ba shi?" Mai shagon caji, Mabera

Innalillahi. Malam, ka taɓa ganin wasa da ke buƙatar karanta saƙonninka kafin ya hau bango? Wannan tambayar ba ta ƙarewa a shafin nan, don haka bari in yi ta dalla-dalla.

Ubisoft ba ta taɓa fitar da wannan wasa a Android ba. Ya fito a PlayStation 3 da Xbox 360 a Nuwamban 2009, ya zo kwamfuta a Maris 2010, aka sake fito da shi cikin The Ezio Collection a PlayStation 4 da Xbox One a 2016, sannan Switch a 2022. Na kwamfuta giga 8 yake nema a faifai. Duk wanda ya ce maka ya matse giga 8 ya koma mega 200, ya ce maka ya zuba buhun gero a gwangwanin madara.

Abin da ake raba muku iri biyu ne. Na farko Bloodlines ne na PSP, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, labarin Altair, wanda ake kunnawa a waya da manhajar PPSSPP, sai a canza masa suna da hoto. Wannan ƙarya ce kawai, ba ta cin kuɗinka. Na biyun shi ne irin naka: manhaja mai hoton Ezio a goshi, cikinta ba wasa. Izinin saƙonni take nema don lambar sirrin da banki ke turo maka ta saƙo. In kuma ka ba ta izinin Accessibility, ka ba ta ido da yatsa: tana ganin abin da ke allonka, tana iya dannawa a madadinka. Kai da kuɗin mutane ke ratsa wayarka kullum, lissafa da kanka.

Kashe data yanzu. Shiga Settings ka duba Accessibility da Device admin apps, ka cire mata izini in ta samu, domin muddin tana da na biyun wayar ba za ta bari ka goge ta ba. Goge ta, ka goge fayil ɗin da ka sauke, ka buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika wayar. In ka riga ka danna amincewa ko sau ɗaya, canza lambobin sirrin bankinka daga wata wayar. Sannan ka rufe izinin girka manhaja daga waje a burauzarka, ka bar shi a rufe. Kuma don Allah a daina tura irin wannan fayil a zaurukan WhatsApp da sunan taimako.

"Laftof ɗina RAM giga 4, yana tafiya lafiya minti goma sai ya fara sarƙewa." Daga Arkilla

Ba ƙarfi ya gaza ba, wasan Core 2 Duo da RAM giga 2 yake nema. Zafi ne. A watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Janairu, kai kuma na san a kan katifa ka ɗora ta. Firosesa in ta yi zafi rage gudu take yi don kada ta ƙone. Kai wa mai gyara ya buɗe ya share fanka, ya canza man da ke kan firosesa. Ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu, ka sa caja, ka sauke girman hoto zuwa 1280 da 720, ka kashe gyaran gefen hoto, ka rage inuwa. In batirin ya mutu, kada ka yi wasa ba tare da ka kwafi jakar savegames ta Ubisoft a filashi ba. Wasan da kansa yake ajiya, in aka ɗauke wuta yana cikin rubutawa, aikin sati biyu na iya tafiya.

"Allon yana nuna mini hoton kai da hannu da ƙafa, ban san mi zan danna ba." Daga Gawon Nama

Kai E ne, ƙafa Space, hannu mai makami dannin hagu na linzami, hannu marar makami Shift. Riƙe dannin dama da Space shi ne gudu da hawa. Rubuta a takarda ka manna a gefen allo. In ka kusa bakin rufi saki Space, in ba haka ba sai ƙasa.

"Yarona ɗan shekara 12 ya nace sai an sa masa. Akwai matsala?" Wata uwa, Gidan Dare

Hajiya, akwai. A Turai shekara 18 aka rubuta a kwalinsa. Ana iya kashe nuna jini a saituna, amma kisan yana nan, akwai zagi, akwai mata masu zaman kansu da ake ɗauka haya su ɗauke hankalin dogarai. Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne ƙarshen labarin: ya ƙirƙiro wasu halittu da ya ce su suka yi ɗan'adam, kuma akwai ɓoyayyen bidiyo da ke buɗewa bayan an warware alamomi 20, mai nuna wasu mutum biyu da aka ba sunan Adamu da Hauwa'u. Babba ya san tatsuniya ce. Ɗan shekara 12, a sa masa ƙwallo.

"Na tara gashin tsuntsu 63. In na cika 100 mi za a ba ni?" Daga Dandima

Mayafin gidan Auditore, wanda in ka yafa shi dogarai ke bin ka duk inda ka shiga. Gudumar da ake bayarwa a 50 ka riga ka samu. Sauran 37 ɗin, in jarrabawa ta wuce.