Tambaya da Amsa: Wace irin wuta zan ba DAC da firi-am ɗin da na haɗa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina zaune Gusau, tun ina ƙarami nike son haɗe-haɗen kayan sauti. Kwanan nan na haɗa DAC, wato na'urar da ke mai da sautin dijital ya zama wanda amfilifaya ke iya karɓa, da ƙaramin fanel na PCM5102A da na yo oda, sannan na yi firi-am, wato da'irar da ke ɗan ɗaga sauti kafin amfilifaya, da aisi (IC) NE5532 guda biyu, daga nan ya wuce amfilifaya. To matsalata wuta ce. Zanen da na samu a intanet cewa sunka yi taransifoma 15-0-15 (mai ba da bolt 15 ta ɓangare biyu) da regileta, wato masu daidaita wuta, 7815 da 7915, na yi hakanan, da rana sauti tas ba komi, amma da magariba ta yi sai ƙugi ya taso cikin sifika buuu ko ba a kunna komi ba. DAC ɗin kuma cajar waya nika ba shi, ina ɗan jin wani siii can ƙasa-ƙasa. Wani abokina ya ce in aje taransifoman in sa cajar laftof, wani ya ce sai na sayi regileta mai tsada LT3042 in ba haka ba ɓata lokaci nikai. Don Allah mi za ni yi, kuɗin hannuna ba su da yawa. Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa karatu albarka. Gaskiya na ji daɗin wasiƙar nan sosai, don yaro ya zauna ya haɗa DAC da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne, kada ka bari ƙugin nan ya karya maka gwiwa. Kuma ka riga ka faɗi ciwon da bakinka da ka ce sai magariba ta yi yake tasowa.

Kafin ka sayi komai ɗauko mitarka, ka sa ta a AC, ka auna soket ɗin ɗakinka da hantsi ka sake aunawa bayan sallar magariba lokacin da kowane gida ya kunna fanka da talabijin da firji. A takarda wutar Najeriya bolt 230 ce mai 50Hz, kuma wanda ya zana wancan zanen ya ɗauka cewa 230 ɗin za ta zauna daram safe da dare. In ka auna da dare ka ga 190 ko 180, toh ga abin da ke faruwa cikin akwatinka. Taransifoma ba ta da wayo, rabo kawai take yi, in an ba ta 230 ta ba ka 15, in an ba ta 180 sai ta ba ka wajen 11.7. Bayan dayod da kafasita ana ninka wannan da 1.4 a cire ɗan abin da dayod ya ci, kenan da cikakkiyar wuta kana da wajen bolt 20 a bakin regileta, da lo karan kuwa ko 16 ba ka kai ba. Shi kuma 7815 yana buƙatar a ba shi sama da abin da zai fitar da kamar bolt 2, wato 17, in bai samu ba ya daina tacewa, duk hawa da saukar da ke kan kafasita sau 100 a daƙiƙa sai ta zarce kai tsaye cikin NE5532, ita ce kake ji buuu a sifika.

Maganin kuma mai araha ne wallahi. Bar taransifomarka inda take, cire 7815 da 7915 ka sa 7812 da 7912. Yanzu regileta bolt 14 kawai yake nema, zai riƙe maka har wutar gari ta sauko wajen 170. Wani zai ce ai ka rage wa firi-am ƙarfi, a'a, lissafa ka gani: PCM5102A bolt 2.1 yake fitarwa in an ƙure shi, amfilifaya da yawa bolt 1 zuwa 2 ya ishe su su kai ƙarshen ƙarfinsu, NE5532 kuwa a kan 12 da 12 zai iya kaiwa wajen bolt 7. Ina za ka kai sauran? Ni a wurinmu nan duk wanda ya tambaye ni haka nake ce masa, a yi lissafi da mafi ƙarancin wutar da ake samu a unguwa, a zaɓi kayan da za su jure mafi yawanta.

Maganar mafi yawanta, duba kafasitocinka manya. In 25V aka rubuta a jiki canza su zuwa 35V, don ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta kai 250 za ka ga bolt 23 a kansu, ya yi kusa da iyaka da yawa. 2200uF a kowane ɓangare ya isa firi-am, don NE5532 ɗaya wajen miliyam (mA) 8 yake ci, ko duka allon ya ci 100 hawa da saukar ba za ta kai rabin bolt ba. Nemi masu rubutun 105°C, ka san zafin Gusau a watan Afrilu, ga akwati a rufe. Sannan ƙaramin kafasita 100nF a gindin ƙafar wuta ta kowace aisi, kusa sosai, ba can nesa da waya mai tsawo ba.

Abu ɗaya da ke ƙona wa mutane kaya, ƙafafun 7912 ba irin na 7812 ba ne. A 7812 in kana kallon rubutun, daga hagu shiga ce, giraun (layin bolt sifili), fita. A 7912 giraun ne farko, shiga a tsakiya, sai fita, kuma ƙarfen bayansa haɗe yake da shiga, na 7812 kuwa haɗe da giraun. Ka ɗaure su a farantin alminiyam ɗaya ba tare da ka raba su da maika ba, wato ɗan fallen da ke hana wuta ratsawa, shot ne nan take.

Sai cajar waya da ke ba DAC wuta. Irin waɗannan caja suna yanka wuta ne da sauri, sau dubbai a daƙiƙa, mai kyau tana tace dattin, ta jabu kuma kusan ba komai cikinta, kuma jabun suna da yawa a kasuwa. PCM5102A da bolt 3.3 yake aiki, yawancin ƙananan fanel ɗin suna da nasu regileta a jiki suna karɓar bolt 5, amma ƙaramin regiletan nan ba ya iya tare dattin da ke da saurin gaske. Abin da zan so ka yi, samo wata ƙaramar taransifoma daban mai bolt 9, irin ta tsohuwar rediyo ma ta yi, dayod huɗu, 2200uF, sai 7805 da ɗan farantin shan zafi. Farantin dole ne, don in ɓangaren dijital ya ci miliyam 200 regiletan zai zubar da sama da wat 1 a matsayin zafi, ba faranti sai ya ƙona maka yatsa. Kada ka ce bari ka yi dabara ka ɗebi bolt 5 ɗin daga layin 12 na firi-am, ka ɗora wa ɓangare ɗaya kaya ka bar ɗayan, kuma ka jawo hayaniyar dijital ka zuba inda kake gudun ta.

Cajar laftof ba ƙarya abokinka ya yi gaba ɗaya ba, tana da wani alheri babba, an rubuta mata 100 zuwa 240 a jiki, lo karan bai dame ta ba. Sai dai bolt 19 ɗaya tal take bayarwa, kai kuma fozitib da negetib kake so, sai ka ƙara wani da'ira na raba ta biyu, kuma in gidan ba wayar at, wato wadda ke shiga ƙasa, za ka ji akwatin yana ɗan cizo in ka taɓa. In wutar unguwarku na sauka ƙasa da 170 to sai a yi wannan maganar ko a sa sitabilaiza a gaba, in ba haka ba taransifoma ta fi maka sauƙi.

LT3042 kuwa kaya ne mai kyau ƙwarai, hayaniyarsa ƙasa da maikrobolt 1 ce, amma miliyam 200 ne iyakarsa, kuma ba zai cire ƙugin da ya shigo ta wayar giraun ko ta maganaɗisun taransifoma ba. Ajiye kuɗinka tukuna. Abin da zai fi canza maka sauti kyauta ne: nisanta taransifoma daga wayoyin shigar sauti, ka murɗa wayoyin AC biyu-biyu, giraun na DAC da na firi-am da na wuta kowa ya zo da wayarsa su haɗu wuri ɗaya, kada ka jera su wannan bayan wannan. Kamar magudanar ruwan unguwa ce, in kowa ya zuba a ta maƙwabcinsa na ƙarshe ne ke shan datti. In daga kwamfuta kake turo sauti ta USB, cire cajar laftof ɗin daga soket ka saurara, in siii ɗin ya ɗauke to ta can yake shigowa, wayar haske ta Toslink tana yanke wannan gaba ɗaya tunda ba ƙarfe a cikinta.

Don Allah ƙanena ɓangaren 230 ba wurin wasa ba ne. Fiyus a wayar shiga kafin taransifoma, ƙarami kamar 500mA, rufe duk inda aka like da dalma, in akwatin ƙarfe ne a haɗa shi da at, kuma cire filogi ka auna kafasita kafin ka sa hannu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu nan Argungu sola muke amfani da ita, kuma in na jona taransifomar firi-am a inbata sai ta riƙa kuka zzzz. Ba zan iya ba shi batir kai tsaye ba? Daga mai gyaran rediyo, Argungu.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Za ka iya, kuma ni a ganina kai ka ma fi na Gusau sa'a, babu wutar da ta kai batir tsabta. Kukan da kake ji alama ce inbatarka irin mai araha ce da ke fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa maimakon mai santsi, taransifoma ba ta son ta, tana kuka tana zafi.

Samo batir biyu na bolt 12, irin 7Ah na UPS, iri ɗaya kuma shekarunsu ɗaya. Haɗa negetib na farko da fozitib na biyu, wannan mahaɗar ita ce giraun ɗinka, bakin da ya rage a sama +12, na ƙasa -12, shikenan ko regileta ba ka buƙata. Firi-am mai cin miliyam 50 zai yi maka kwanaki kafin ka nemi caji, sai dai kada ka bari kowanne ya sauka ƙasa da 12 sosai, batirin dalma ba ya son a tatse shi. Fiyus a bakin kowane batir, kusa da shi, don ƙaramin batir ɗin nan in waya ta haɗe sai ta yi ja.

Amma kada ka yi wannan da manyan batiran solar gidan. Na ɗaya inbata da kwantirola suna kansu suna zuba hayaniya, na biyu kuma wanda ya fi haɗari, in ka mai da tsakiyarsu giraun alhali amfilifayarka na shan wuta daga negetib ɗin bankin, ranar da ka jona wayar sauti tsakaninsu ka yi wa batir guda shot ta cikin siririyar wayar nan. Naka biyun su zama nasu daban, ka yi cajinsu lokacin da ba ka saurare, ka cire cajar in za ka kunna. In akwai DAC a haɗin, fawa-bank zai iya ba shi bolt 5, sai dai wasu suna kashe kansu in abin da aka jona bai ci wuta da yawa ba, gwada naka ka gani kafin ka rufe akwati.