Ajiye sifanar nan, famfo bai yi laifi ba tukuna

Ka ce Hilux ɗin da aka kawo jiya daga Giwa tana tashi lafiya, silo ɗinta, wato aikin injin in ba a taka totur ba, ƙalau, amma da an taka totur sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta ɗan shaƙe, sannan ta fizga. Kana tambaya ko mu kwance nozul, masu fesa mai a cikin injin, da famfon mai mu kai wa mai injekta a Sabon Gari. A'a, yarona. Ajiye sifanar nan ka jawo benci ka zauna.

Da farko, ka shiga motar da kanka kuwa? Abin da direba ya faɗa maka daban, abin da ƙafarka za ta ji daban. Ka ɗauke ta daga Kwangila ka miƙa hanyar Shika, ka sa giya ta uku ka danna totur har ƙasa, idonka a kan agogon injin. In allura ta haura, injin yana kuka, mota kuwa ba ta ƙara gudu, wannan kuloci ne ke sulɓewa, babu ruwan injin. In kuwa allurar ce ke nawa, to mun shigo maganarmu.

Injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur, hita kuma, mai ɗumama cikin silinda, aikinta taimakon tashin sanyin safiya ne, ka fitar da ita daga lissafi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta. Ke nan mai da iska kawai yake nema. A silo ɗan kaɗan yake sha, ko filta ta kusa toshewa ba zai nuna maka ba. Sai ka taka, ya buɗe baki yana neman ƙari, a nan abin da ya gaza yake tona kansa. Wanne ne ya gaza a cikin biyun? Salansa za ta faɗa maka. Ka sa wani ya tuƙa, kai ka zuba wa hayaƙi ido. Ta shaƙe tana aman baƙin hayaƙi, iska ce ta yi kaɗan. Ta shaƙe babu hayaƙi ko kaɗan, yunwar mai take ji. Fari mai warin ɗanyen gas da ke sa ido hawaye, man ya shiga amma bai ƙone ba. Shuɗi kuma baƙin mai take ƙonawa, wannan wata rigima ce ta daban.

Direban ya ce bai ga hayaƙi ba, don haka zuciyata tana wajen mai. Ka san inda waɗannan motoci suke kwana. Ƙauyuka, gonaki, hanyar burji da ramuka, mai ya ƙare a saya wajen 'yan bumburutu a jarka, wani da ruwa, wani an sirka shi da kananzir. Ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki tare da laka da tsatsa. A kwalta shiru kake ji, da ta faɗa gargada sai komai ya dame ya biyo tiyo. Ka kwance ɗan makunnin da ke ƙasan filta ka tari abin da zai zubo a farar kwalba, ka ajiye ta minti biyar. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Ka canza filtar, kada ka wanke ta ka mayar kamar yadda na ga wasu na yi, kuma kada ka saya mana mai arha.

Ga inda yara da yawa suke ɓata: famfon wannan motar zuƙo mai yake yi tun daga tanki, babu abin da ke turo masa. Saboda haka in tiyo ya tsage ko kilif ya saki, ba lalle ka ga ɗigon gas a ƙasa ba, iska ce ke shiga ciki. Ka danna ɗan famfon hannu da ke saman filta. In ya daɗe bai yi tauri ba, ko ya yi tauri ka dawo bayan rabin awa ka same shi lagwab, akwai inda take shan iska, wani lokaci ma ta robar shi ɗan famfon ne. Ka sa farin tiyo tsakanin filta da famfo ka ga ko kumfa na wucewa. In kana son yanke gardama, ka jona mai tsabtatacce daga jarka zuwa filta, ka mayar da tiyon ritan, wanda ke mayar da ragowar mai tanki, cikin jarkar, ka gwada ta. Ta warke a jarka, laifin yana tsakanin tanki da filta.

Shekarun baya an kawo mini wata Land Cruiser mai injin 1HZ, irin mai silinda shida ɗin nan da Toyota ta fara yi a 1990, wanda ba ruwansa da kwamfuta. An canza mata nozul a wani gareji, an kai famfo gyara sau biyu, mai ita har ya fara neman mai saye. Muka sauke tanki. Guntun leda ne, irin wadda ake toshe bakin jarka da ita, yana yawo a ciki. In an taka totur sai ya manne a bakin bututu, in an sassauta ya saki. Da waya na zaro shi, mutumin ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

In kuwa baƙin hayaƙi ka gani, buɗe iyakilina. Lokacin hunturu a Zariya ƙura ba ta jiran ranar sabis. Daga nan ka bi tiyon tabo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, da hannu kana matsawa, ka nemi tsaga ko wurin da maiƙo ya jiƙe, ka saurari fito in an taka. Injin Hilux ɗin nan 2KD ne, mai lita 2.5, yana da bawul ɗin EGR da ke mayar da wani hayaƙi cikin injin. Kunkunniya tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta daskare a maƙogwaro kamar kwalta, har bawul ɗin ya maƙale a buɗe. Akwai kuma ɗan sansa mai auna iskar tabo, da siririn tiyo da 'yar filtarsa. In ya toshe, ƙwaƙwalwar mota ba ta jin iskar ta iso, sai ta riƙe mai.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za mu jona kwamfuta, mu kwatanta ƙarfin man da ƙwaƙwalwa ke nema da wanda famfo ke bayarwa lokacin da aka taka. In na biyun yana biyo baya yana rawa, akwai ɗan bawul a jikin famfo da ake kira SCV, kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, ya saba kawo irin wannan ciwo. Shi kaɗai ake canzawa, famfo yana zaune a wurinsa.

Kuma ka ji ni da kyau. Wannan dabarar da ka ga ina yi a tsohon injin, in sassauta nat ɗin nozul injin yana aiki don in gane silindar da ta mutu, kada ka kuskura ka yi ta a 2KD. Ƙarfin man da ke cikin bututunsa yana haura 1,000 a ma'aunin matsi na "bar", zai huda fatar hannunka ya shige nama kafin ka ce wayyo.

Tashi ka wanke farar kwalbar can ka shanya ta, ka ɗauko jarka da farin tiyo. Ka fara da filta, in ka tara ka kawo mini in gani kafin a kira la'asar.