Amsa: Susa a gwiwa, ƙaiƙayi a haƙarƙari

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce idan kin sosa gefen gwiwarki sai ki ji tsikari a ƙasan haƙarƙari, kuma an ce miki ai hanyoyin nan ne da masu maganin allura na ƙasar Sin ke zanawa a jikin mutum. Ki kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne. Ni ma tun ina yarinya nake da shi. Akwai wani ɗan wuri a bayan cinyata ta dama, da zarar farce ya taɓa shi sai in ji kamar an tsira min allura a ƙarƙashin allon kafaɗa, ita ma ta dama. Kullum wuri ɗaya. In kuwa kafaɗar na sosa, cinyar ko gezau.

Ba yau aka fara lura da shi ba. Wani masanin kimiyya na Ingila, Stephen Hales, ya ambace shi tun 1733. Abin da aka gano shi ne ba ya tsallakawa ɗaya gefen jiki, kuma inda ake jin ƙaiƙayin galibi yana sama da inda aka sosa.

A 2012 wani mai bincike na Ostareliya, Morry Silberstein, ya gwada irin waɗannan wurare da taswirar Sinawa, ya ce sun yi daidai sosai. Na girmama aikinsa, amma bai gamsar da ni ba. Manyan hanyoyin nan 12 ne a kowane gefe, yawancinsu sun miƙe ne daga sama zuwa ƙasa, ga wuraren tsira allura har 361. In jiki ya cika da layuka haka, wurare biyu a gefe ɗaya ai da wuya su rasa layin da ya ratsa kusa da su. Sannan taswirar ɗaya ce ga kowa, alhali naki a gwiwa yake, nawa a cinya, ƙanwata kuma ba ta taɓa jinsa ba sam.

Na fi karkata ga bayanin jijiyoyi: saƙon fata yana bi ta laka ya hau ƙwaƙwalwa, a can kuwa sashen ƙafa da na gangar jiki maƙwabta ne, saƙon ɗaya yana iya ɗan fantsama cikin ɗayan.

Amma fa idan ya zo da sagewa, zafi ko raunin ƙafa, wannan daban ne, ki ga likita.